Ciwon Haƙori: Ina Za Ka Je, Kuma Yaushe?

Ya mai karatu, in ka taɓa kwana a zaune, hannu a kunci, kana jiran gari ya waye, to ba sai an gaya maka ko mene ne ciwon haƙori ba. Babban mutum yakan zubar da hawaye saboda shi. Manomi yakan bar gonarsa, mai goyo takan kasa cin abinci, yaro yakan daina zuwa makaranta. Duk da haka, cikin cututtukan da ke kawo mutane ɗakin shan maganinmu, da wuya ka sami wadda ake jinkirin kawowa kamar wannan. In kuma za a faɗi gaskiya, da wuya ka sami wadda mu ma'aikatan lafiya na karkara muke da ƙarancin abin yi a kanta kamar ita.

Wannan darasi zai nuna maka yadda aikin haƙori yake a asibitocin gwamnati a nan Kamaru, musamman a Adamawa da sauran jihohin arewa. Ba don ka karaya ba ne. Wanda ya san rafi ya cika, tun da rana yake neman mashigi.

Wata damina aka kawo mana wani magidanci a kan babur, mutum biyu sun sa shi a tsakiya. Kusan shekara biyu ke nan yana da rami a turminsa na ƙasa. Da farko ruwan sanyi ne kawai ke taɓa shi, sai ya riƙa cusa kanumfari. Da ciwon ya fara hana shi barci, sai ya koma shan ƙwayoyin masu talla. Daga baya ya je wurin wani mai cire haƙori a ranar kasuwa. Kan haƙorin ya karye, saiwar ta zauna a ciki. Kwana huɗu bayan haka ya iso wurinmu. Ƙarƙashin haɓarsa ya kumbura ya yi tauri kamar itace, bakinsa ba ya buɗuwa fiye da faɗin yatsa ɗaya, yawu yana zuba domin ba ya iya haɗiya. Muka yi masa allura, muka sa masa ruwa, muka nemi mota zuwa birni a daren. Ya rayu. Amma ya yi makonni a kwance, an sayar da maraƙi, ciyawa kuma ta cinye rabin gonar masara.

Da ƙanensa ya dawo yi mana ban gajiya, sai ya ce, "Malama, da mun zo tun farko, da kin cire masa?"

Na ce a'a. Ba ni da kayan aikin, ba a kuma koya mini ba. Abin da zan iya tun farko shi ne in duba, in rubuta musu takarda, ya tafi birni da ƙafarsa, ya dawo gida washegari. Wannan amsa ba ta yi masa daɗi ba, ni ma ba ta yi mini ba. Amma ita ce gaskiyar halin da muke ciki.

Matakan asibiti, da inda likitan haƙori yake

Asibitocin gwamnati hawa-hawa ne. A ƙasa akwai cibiyar lafiya ta ƙauye, wadda a takarda ake rubuta ta CSI. Sama da ita akwai CMA a hedikwatar ƙaramar hukuma, inda akan sami likita. Sai asibitin gunduma, sai babban asibitin jiha, kamar na Ngaundere, da na Garwa, da na Marwa. A can ƙoli kuma akwai manyan asibitocin Yawunde da Duwala.

Zazzaɓin cizon sauro, gudawa, awon ciki, rigakafi, haihuwar da ba ta zo da gardama ba, duk ana yin su tun daga matakin ƙasa. Haƙori ba haka yake ba. A cibiyar ƙauye abin da za ka samu shi ne dubawa, da maganin rage zafi, da maganin kashe ƙwayoyin cuta in akwai kumburi, da takardar turawa gaba. Wasu asibitocin gunduma suna da ɗakin haƙori, da yawa ba su da shi. Sai ka kai asibitin jiha, ko wani babban asibitin mishan, ko ɗakin likita mai zaman kansa a birni, kafin ka tabbata za ka ga kujerar haƙori da wanda ya iya aiki da ita. A ƙofar ɗakin za ka ga an rubuta stomatologie ko cabinet dentaire da Faransanci. Riƙe waɗannan kalmomi, za su rage maka yawo a cikin asibiti.

Likitocin haƙori kaɗan ne a ƙasar, yawancinsu kuma suna Yawunde da Duwala. Daga Ngaundere zuwa Yawunde kwana guda ne cikin jirgin ƙasa, balle wanda zai taso daga ƙauyukan Tibati, ko Banyo, ko Tignere. Shekaru da yawa ƙasar ba ta horar da likitocin haƙori da kanta ba. Mai son wannan karatu sai ya fita waje, zuwa Dakar, ko Najeriya, ko Turai. Yanzu ana koyar da shi a Jami'ar Yawunde ta ɗaya da kuma wata jami'a mai zaman kanta a Bangangte, adadin kuwa yana ƙaruwa. Sai dai wanda ya gama yakan zauna inda aikin zai yiwu.

Kada ka yi saurin zarginsa. Kujerar haƙori tana bukatar wutar lantarki da ba ta yankewa, da ruwan famfo mai tsabta, da injin hura iska wanda ke juya abin huda haƙori, da tukunyar turara kayan aiki domin kashe cuta. Allurar kashe zafi, da abin cike rami, da safar hannu, kusan duka daga waje ake shigo da su. In ƙaramin ƙarfe ɗaya ya lalace, mai gyara yana Duwala. Na taɓa ganin sabuwar kujera da aka kawo kyauta daga Turai, ta shekara a lulluɓe da leda saboda babu wanda zai haɗa ta. A irin wannan wuri, ko likita na nan, abin da ya rage masa shi ne cirewa. Shi ya sa mutanenmu suka ɗauka cewa aikin likitan haƙori cirewa ne kawai. Ba haka ba ne. Rashin kaya da zuwa a makare ne suka mai da shi haka.

Sai maganar kuɗi. Mata a jihohin arewa sun san cekin lafiya na sefa 6,000, wanda ke ɗaukar nauyin awon ciki da haihuwa. A watan Afrilu na 2023 gwamnati ta ƙaddamar da kashi na farko na shirin kula da lafiyar kowa, inda ta fara da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da masu ciki, da masu tarin fuka, da masu sida, da masu wankin ƙoda. Wannan ci gaba ne, muna kuma murna da shi. Amma cike haƙori da cire shi har yanzu daga aljihunka ne. Ka haɗa da kuɗin mota zuwa da dawowa, da abinci, da wurin kwana, da ranakun aikin da ka rasa.

Ba mu kaɗai ba ne. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Nuwamba na 2022, ta ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, wato kusan rabin mutanen duniya, kuma uku cikin huɗu na waɗannan suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici. A nahiyar Afirka, in aka raba, likitan haƙori ɗaya bai samu ga kowane mutum 10,000 ba, nesa ma da haka. Ruɓewar haƙori da ba a yi wa magani ba ita ce cutar da ta fi kowace yawa a duniya. Amma da yake ba ta kashewa nan take kamar kwalara, kullum tana can ƙarshen layi idan ana rabon kuɗi.

Abin da ke faruwa cikin haƙori

Babu tsutsa a cikin haƙori. Na san an nuna wa wasunku ita a cikin ƙwarya bayan an yi turare. Ba daga bakinka ta fito ba. Abin da ke akwai shi ne ƙwayoyin cuta ƙanana da ido ba ya gani, suna zaune cikin farin dattin nan mai yauƙi da ke manne wa haƙora. Duk lokacin da ka sha zaƙi, su ma sun ci. Sai su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke narkar da ɓawon haƙori sannu a hankali.

Ciwon yana da zango-zango, kowane zango kuma da irin maganinsa da irin kuɗinsa.

Da farko ɗan tabo ne, fari ko ruwan ƙasa, babu zafi ko kaɗan. A nan gogewa da man da ya dace da rage zaƙi suna iya tsayar da shi. Daga nan sai rami ya buɗe. Abinci yana maƙalewa, ruwan sanyi ko shayi mai zaƙi yana sa ka ji tsam, amma yana wucewa nan da nan. Wannan shi ne lokacin tafiya. Likita zai share ramin ya cike shi a zama ɗaya, haƙorinka ya ci gaba da yi maka aiki shekaru. Kaɗan ne ƙwarai ke zuwa a wannan lokaci, domin kowa yana cewa ai bai yi tsanani ba.

In ramin ya kai ga jijiyar da ke tsakiyar haƙori, sai ciwon dare ya fara, mai bugawa kamar ganga, wanda ke tashi ba tare da ka ci komai ba. Yanzu kam ciko kaɗai ba ya isa. Ko dai a cire jijiyar a cike saiwar, aikin da ke bukatar zuwa sau biyu ko uku da kuɗi mai yawa, ko a cire haƙorin.

Ga wurin da mutane suka fi ruɗuwa. Bayan kwanaki ko makonni na azaba, ciwon yakan ɗauke shi kaɗai. Sai mutum ya ce maganin wane ya yi aiki. Ba warkewa ba ce, jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar suna nan, sun bi saiwa sun gangara cikin ƙashin muƙamuƙi. Wata rana za ka tashi da kumburi da mugunya. Magidancin da na ba ka labarinsa ya bi waɗannan zanguna duka, ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma ciwon dasashi, wanda ya fi kama manya. Dasashi yana jini in ana goge baki, baki yana wari, datti ya daskare a gindin haƙora kamar dutse, daga baya haƙora su fara girgiɗi ba tare da rami ba. Ba tsufa ne ke kawo shi ba. Taba, ta sha ko ta gari da ake matsawa a leɓe, tana ƙara shi. Haka ma ciwon sukari. In haƙoranka suna girgiɗi kana kuma yawan fitsari da ƙishirwa, ka sa a auna maka jini. Dattin da ya daskare ba ya fita da asuwaki, sai an kankare shi a asibiti.

Mai cirewa a kasuwa da mai talla a babur

Inda likita ya yi nisa, wani zai cike gurbinsa. Ba na raina wanda ya je wurinsu. Mutumin da ya kwana uku bai runtsa ba, ko wuta aka miƙa masa zai karɓa. Amma ka san abin da kake saya.

Mai cirewa a kasuwa ba ya ganin saiwa. Turmi yana da saiwa biyu ko uku, wasu a lanƙwashe. In kan ya karye, saiwar ta zauna, ka ƙara wa kanka ciwo. Abu na biyu ya fi wannan muni: ƙarfen da ya shiga bakin wani ɗazu shi zai shiga naka. Gogewa da tsumma ko tsomawa cikin ruwan zafi ba sa kashe ciwon hanta, wanda ke bin jini, yana kuma da yawa a ƙasarmu. Sida ma tana bin wannan hanya.

Kada ka sa ruwan batir, ko fetur, ko kanwa, ko garin taba a cikin rami. Kada ka danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi, tana ƙona nama ta bar farin gyambo. Kanumfari yana rage zafi na ɗan lokaci, ba laifi, amma ba ya rufe rami. Tramol yana rufe ciwon ya bar cutar tana ci, ga shi kuma yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi. Kafso mai launi biyu da ake sayarwa ɗaya-ɗaya ba ya warkar da ciwon haƙori. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana da amfani ne idan kumburi ya fara bazuwa, a sha shi cikakke yadda ma'aikacin lafiya ya rubuta, kuma ko ya sauke kumburin, haƙorin na nan yana jiran likita.

Abin da za ka yi kafin ka sami tafiya: farasitamol bisa ƙa'ida, da kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri sau uku ko huɗu a rana. Ka ci gaba da goge wajen a hankali, ko da yana ciwo.

Alamun da ba a kwana da su

Yawancin ciwon haƙori yana iya jiran ranar kasuwa ko ranar da aka sami mota. Amma in ka ga kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya hau zuwa ido, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta gagara, ko murya ta canja, ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi mai zafi ya haɗu da kumburin fuska, to a tashi yanzu, ko tsakar dare ne. Irin wannan kumburi yana iya toshe maƙogwaro cikin awoyi. A nufi asibiti mafi kusa da ke da likita, ko ba shi da ɗakin haƙori. A wannan lokaci rai ake ceto, ba haƙori ba.

Gyambon baki ko na harshe da ya wuce mako biyu bai warke ba, musamman ga mai shan taba ko giya, shi ma a kai shi a duba.

Ke uwa, wannan sashe naki ne. Akwai wata cuta da likitoci ke kira noma. Sunan ba shi da dangantaka da noman gona, daga wani harshe ne dabam. Tana kama yara, galibi masu shekara 2 zuwa 6, waɗanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓi mai tsanani. Tana farawa da abin da kowa zai raina: dasashi ya yi ja, yana jini, baki yana wari ƙwarai, yaro yana zubar da yawu yana ƙin abinci. Cikin 'yan kwanaki kunci ya kumbura, sai baƙin tabo ya fito, naman ya mutu ya zube, ya bar rami a fuska. In ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma na yaran suna mutuwa. Waɗanda suka rayu sukan kasa buɗe baki, ko ci, ko magana sosai.

Ba iska ba ce, ba maita ba ce, ba a kuma ɗaukarta daga wani yaro. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne wannan: a kwanakin farko, tun tana dasashi, maganinta yana nan a cibiyar lafiya ta ƙauye. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, da wanke baki, da abinci mai gina jiki. Wannan kam muna iya yi, ba sai da likitan haƙori ba. In ta riga ta ci fuska, sai tiyata mai wuya a wurare ƙalilan, kamar asibitin yara masu noma da ke Sakkwato a Najeriya, wanda aka buɗe a 1999. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Saboda haka, duk yaron da ya rame, ko yake tashi daga ƙyanda, ki buɗe bakinsa a hasken rana ki duba dasashinsa kullum. Ki kuma tabbata an yi masa allurar ƙyanda.

Idan za ka yi tafiyar

Ka fara biyowa ta cibiyar lafiya ka karɓi takarda. Ka roƙi ma'aikacin ya buga waya ya tambaya ko likitan yana nan, da ranakun da yake aiki, da kimanin kuɗin. Mutane da yawa sun yi tafiyar yini guda sun tarar ɗakin a kulle. Ka isa da sassafe, ka ci abinci kafin ka shiga. Ka faɗa wa likita in kana da hawan jini, ko ciwon sukari, ko sikila, ko kana shan wani magani kullum, ko jininka yana daɗewa bai tsaya ba.

Ka tambaye shi kai tsaye, "Ana iya cike wannan, ko sai an cire?" Haƙƙinka ne ka sani. Ka kuma roƙe shi ya duba sauran haƙoran tun da ka riga ka biya kuɗin mota. Ƙaramin rami da aka cike yau ya raba ka da wata tafiyar.

Mai ciki ma ana yi mata aikin haƙori, allurar kashe zafi ba ta taɓa jariri. Ki dai faɗa cewa kina da ciki. Zama da mugunya a baki har ki haihu shi ne abin tsoro. Maganar da ake yi cewa kowane ciki yana tafiya da haƙori ɗaya ba dole ba ce. Ciki yana sa dasashi saurin kumbura, shi ya sa ake so ki ƙara kula.

Bayan an cire, ka cije audugar kamar rabin awa. Ranar nan kada ka kurkure baki, kada ka yi ta tofar da yawu, kada ka sha taba, kada ka sa yatsa ko harshe a wurin. Gudan jinin da ya toshe ramin shi ne murfinsa. Washegari ka fara kurkurewa a hankali da ruwan gishiri. Cire haƙorin sama ba ya makantar da mutum. Na ji wannan magana sau da yawa, ban taɓa ganin ta faru ba.

In yaro babba ko saurayi ya faɗi daga babur, haƙorin gaba ya fita ɗungum da saiwarsa, a ɗauke shi ta kai, ba ta saiwa ba. In ya yi datti a ɗauraye shi kaɗan, kada a kankare. A mai da shi raminsa in zai yiwu, in ba haka ba a sa shi cikin madarar shanu, a garzaya asibiti. Awa ta farko ita ce mai daraja. Haƙoran nono kam ba a mai da su.

Abin da ke hannunka a gida

Asuwaki abu ne mai kyau, kada kowa ya raina maka shi. Na darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, ko wani icen da aka saba, duk suna aiki in an tauna kan ya yi laushi, aka bi kowane haƙori ciki da waje har turamen baya. Kuskuren da nake gani shi ne mutum ya yini da asuwaki a baki yana goge na gaba shida kawai. Gawayi da toka da yashi suna sa haƙori fari na ɗan lokaci, amma suna cinye ɓawonsa, ɓawon kuwa ba ya tsirowa.

Abin da asuwaki ba shi da shi shi ne sinadarin fuloraid, wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Yana cikin man goge baki. Ka duba kwalin, ka nemi kalmar fluor da lamba tsakanin 1000 da 1500. Kana iya shafa man a kan asuwakinka in babu buroshi. Sau biyu a rana, na dare kafin barci ya fi muhimmanci. Ka tofar, amma kada ka kurkure da ruwa, bari ɗan abin da ya rage ya yi aikinsa. Yaro ɗan ƙasa da shekara uku, kamar ƙwayar shinkafa. Daga uku zuwa shida, kamar ƙwayar wake. Babba ya tsaya a kansa don kada ya haɗiye.

A wasu wurare na Arewa Mai Nisa, kamar kwarin Mayo Tsanaga a wajen Marwa, ruwan rijiyoyi da burtsatse yana ɗauke da wannan sinadari fiye da kima. Yaran da suka tashi da shi haƙoransu sukan yi dabbare-dabbare, fari da ja. Wannan ba ƙazanta ba ce, ba goro ba ne, gogewa ba ta fitar da shi, tafasa ruwan kuma ba ta rage shi. In haka yaran ƙauyenku suke, a nemi a auna ruwan.

Sai sukari. Kakanninmu sun sha zuma da rake, amma jefi-jefi. Yau shayi ne sau uku ko huɗu a rana, kowane kofi da cokali uku, ga lemon kwalba, ga alewa da biskit a ƙofar kowace makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kamar ƙaramin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Ƙirga naka na jiya. Ga haƙori kuwa, yawan lokutan ya fi yawan sukarin illa. Alewa biyar a zama ɗaya bayan abinci ta fi sauƙi a kan alewa ɗaya-ɗaya sau biyar a yini. Kada a kwantar da jariri da bulumboti mai ruwan zaƙi a baki.

Yaro yana da haƙoran nono 20, babba yana da 32. Wajen shekara shida, wani turmi yakan fito can baya, sama da ƙasa, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Iyaye sukan ɗauka na nono ne, zai fita lokacin famfara. Ba zai fita ba, na dindindin ne, shi ne kuma ya fi kowane saurin ruɓewa. Yawancin samari da 'yan matan da muke turawa birni a cire musu haƙori, wannan turmin ne. Ki duba shi.

Abin da ƙauye zai iya nema

Ba kowane aikin haƙori ne ke bukatar wuta da babbar kujera ba. A Tanzaniya, wajen tsakiyar shekarun 1980, aka fara wata hanya ta cike rami da kayan hannu kawai. A kwantar da mutum a kan tebur, a share ruɓaɓɓen wurin da ɗan ƙaramin cokali na ƙarfe, a kwaɓa wani farin gari mai kamawa, a danna shi a ramin da yatsa. Babu inji, sau da yawa ko allura ba a yi. Akwai kuma wani ruwa da ake ɗigawa a ramin haƙorin yaro ya tsayar da ruɓewar, ko da yake yana mai da wurin baƙi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan gari, da wannan ruwa, da man goge baki mai fuloraid cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada.

Ma'ana, nas da aka ba horo na musamman zai iya tsayar da ramuka da yawa tun suna ƙanana, a nan cikin ƙauye. A makarantar koyon jinya darasin baki kaɗan aka ba mu, ba a kuma sa mana kayan a hannu ba. Ni dai a ganina wannan horo ya fi mana amfani yanzu a kan wata kujerar da za ta zauna cikin leda.

Kowace cibiyar lafiya tana da kwamitin lafiya, wanda mutanen gari ke zaune a ciki. Abin da kwamiti bai ambata ba, ba ya shiga rahoton da ake aika wa shugaban gunduma. Ku sa a rubuta yawan masu zuwa da ciwon haƙori kowane wata. Ku roƙi a riƙa turo likitan haƙori ko da sau biyu a shekara, a sanar a kasuwa, da masallaci, da majami'a tun mako biyu kafin ya zo. Ranar 20 ga Maris ita ce ranar lafiyar baki ta duniya, lokaci ne mai kyau na tunatar da hukuma. Ku roƙi a tura nas ɗaya horo. Malaman makaranta da shugabannin zumuntar mata kuma su zo mu nuna musu yadda ake duba bakin yaro. Minti biyu ne: a wanke hannu, a juya yaron ya fuskanci rana, a ɗaga leɓen sama, a ja na ƙasa, a dubi dasashi, sannan a ce ya buɗe sosai a dubi turamen baya.